Motar Baba Ta Ƙi Ribas

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da zaman dajin nan naku da ko waya ba ta shiga. Muna lafiya, matarka da yara ma lafiya, jiya na leƙa su. Na ba direban da ke kai muku kayan abinci wannan takarda, don maganar ba za ta jira hutunka ba.

Mun koma wurin likitan ido da Baba. Yaya, babu daɗi. Idon dama ya riga ya tafi, na hagu kuma likita ya ce yana bin sahu, babu aikin da za a yi masa. Na dawo da Baba gida. Yana zama a kujerarsa ta ƙofar ɗaki sai ya ce, "Auta, na tsufa ina jan bas ina wuce ƙofar gandun dajin nan da fasinja, ban taɓa karya sitiyari na shiga ba. Ina so in ga giwa kafin a kashe mini fitila."

Na ce masa mu jira ka, tunda kai ka yi masa alkawarin kai shi. Ya ce, "Wa? Injiniya? Alkawarin nan ai ya girmi 'yarsa ta fari." Daga nan ya laluba aljihu ya miƙo mini makullin motarsa. Ni fa, Yaya! Ni da ko jingina da ita na yi sai an daka mini tsawa.

A gandun mutum shi ke tuƙa kansa. A ba ka taswira a ƙofa, ka bi hanyoyin da aka zana, ba a fitowa daga mota, kuma ka fita kafin su rufe da yamma. Asabar ta sama za mu je. Na san lasisina sabo ne, ba sai ka tuna mini ba. Kai ka san cikin motar nan, tunda kai ka canja mata giyabos bayan Baba ya daina tuƙi. Don Allah ka rubuto mini duk abin da ya kamata in sani game da ita.

Allah Ya tsare mana kai.
Ƙanwarka, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a bakin gareji, na karanta ta a tsaye hannuna duk baƙin mai. Labarin idon Baba ya hana ni cin abinci ranar. Allah Ya sa kaffara ne.

Amma maganar makulli, tsakani da Allah ta tsaya mini a wuya. Ke yanzu har kin yi girman da za a damƙa miki motar Baba? Ni sai da na gaji da wanke ta, na gaji da riƙe masa fitila yana kwance a ƙarƙashinta, na sha ranƙwashi ba adadi in na miƙo sifanar da ba ita ya ce ba, kafin ya bari na taɓa sitiyari. Ke kuwa kin zagaya fili da malami a gefenki yana taka miki birki, an ba ki takarda, shi ke nan kin zama direba. Sannu.

Wa ya fara kawo maganar gandun nan? Ni. Wa ya sayo madubin hangen nesa ya ajiye a saman durowa don ranar? Ni. Ba holewa nake yi a nan ba, injinan kamfani nake fama da su. Titin da muke ginawa yana kaiwa gada za a ba mu hutu. Ku jira ni mana, giwa ba ƙaura za ta yi ba.

To, na san halinki, na san na Baba, kanku ɗaya ne wajen taurin kai. In kun ƙi ji, ki duba ruwan lagireto kafin ku tashi, ki ɗauki jarka cike. Ki sa a ƙara wa safaya iska. Gilashin gefen Baba kar a sauke shi har ƙasa, in ya sauka ba ya hawa sai an kwance ƙofa. Kar ki danna wa dabba hon. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Madubin kuwa ki bar shi inda yake, nawa ne.

Ki gaida Baba da kyau.
Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan aiki na sauƙi. Mun je, mun dawo da ranmu. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta.

Da sassafe muka tashi. Madubinka matarka ce ta ɗauko da hannunta ta rataya wa Baba a wuya, sai ka je ku ƙarata da ita. A ƙofar gandu ma'aikacin ya ba ni taswira, ya ce in muka yi kiciɓis da giwa a hanya, in ja da baya a hankali in ba ta wuri. Na ce to, kamar na san abin da nake faɗa.

Hanyar jar ƙasa ce, duk gargada. Barewa garke-garke, ɓauna kwance a inuwa, birai kuma suka tare mu, wani ƙato ya hau kan bonet yana leƙenmu kamar mai duba lasisi. Duk abin da na nuna sai Baba ya ɗaga madubi ya ce, "Na gani, na gani." Ina ta murna, sai da muka zo kan raƙumin dawa. Yana hagu da mu yana cin ganye, na ce, "Baba, ga shi can!" Ya kafa madubi a kan wani busasshen icce a dama ya ce, "Kai, dogo ne, masha Allahu." Nan na gane tun safe ba abin da ya gani, faranta mini kawai yake yi. Na ci gaba da tuƙi ina share hawaye da bakin mayafi don kar ya ji.

Bayan mun ci abinci a wurin hutawa mai shinge, na ɗauki wata siririyar hanya da taswira ta ce tana kaiwa tafki. Kurmi dama, kurmi hagu, mota ɗaya kawai take ci. Zafi ya ishi Baba, kafin in ankara ya murza gilashinsa har ƙasa. Muna shan kwana sai ga ta a tsakiyar hanya. Giwa, Yaya, da ɗanta a tsakanin ƙafafunta. Ta buɗe kunnuwa, ta taho.

Na taka kuloci na tura giya ribas. Ƙarrr! Na sake, ƙarrr! Ka san a gida gabanta ke kallon ƙofa, kuma ranar duka ban buƙaci ribas ba sai lokacin. Na danna, na ja, na roƙe ta, motar nan ta ƙi.  Sai Baba ya ce a hankali, "Kashe injin. Ɗauke hannu daga hon." Na kashe.

Ta zo har gefen Baba, inda gilashi ya ƙi hawa. Ina jin numfashinta, ina jin warinta kamar na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta miƙo hancinta ta shinshina hularsa. Ni dai kalmar shahada nake yi. Baba ya juyo da kansa gaba ɗaya don idon hagu ya samu, ya tsura mata shi. Can ya ce cikin raɗa, "Auta, ashe gashin ido gare ta. Zara-zara." Wallahi gaskiya ne, ni ma na gani. Wannan karon ba faranta mini yake yi ba.

Ta gama abin da za ta yi, ta raɓa ta wuce, ta tafi da madubin gefe a kafaɗarta. Da na tada mota Baba sai dariya yake yi yana hawaye. Ya ce, "Da Injiniya ne, da tuni ya yi ribas kamar walƙiya, da na koma gida ban ga komai ba."

Jiya na kai motar wurin bakaniken bakin titinmu don gyaran gilashi. Ya ce irin wannan giyabos yana da dabararsa ta shiga ribas, wanda ya ɗaura shi ya san ta. Yaya, na roƙe ka duk abin da ya kamata in sani. Ka tuna lagireto, ka tuna safaya. Ribas ɗin mantawa ka yi?

Ka huta lafiya.
Auta

Auta,

Salamu alaikum. Alhamdu lillahi da kuka fito lafiya. Na karanta takardar sau biyu a zaune a kan taya.

Sai dai ba ke kika fara ba ni labarin ba. Direban abinci tun kafin ya kashe mota yake shelarsa, wai ƙanwar Injiniya jaruma ce, ta tsaya ido da ido da giwa. Yanzu duk wanda ya shigo gareji sai ya tambaye ni ko ni ma na taɓa ganin giwa. Ban taɓa ba. Na ce musu a hoto.

To, barka. Kin samu makulli, kin samu giwa, kin samu hawayen Baba. Ni kuma na samu shaidar cewa da ni ne da bai ga komai ba. Shekara da shekaru ina kai shi asibiti, ina kai shi gaisuwa, ban taɓa jefa shi ko a rami ba, ashe ƙwarewar tawa ce laifi. Ke da kika kasa ribas ke ce kika iya. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana cina. Ranar nan tawa ce, Auta, ni na tanade ta, kika shiga kika zauna a cikinta.

Madubin gefe kar ki bari bakaniken nan ya sa na jabu, ina da wani a akwatin kayan aikina. Ki gaida jarumin naki.

Yayanki

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwar tawa gajera ce yau, don raina a ɓace yake.

Kai ne mai jin haushi? To bari ka ji abin da ban rubuta maka ba. Tun daga ƙofar gida har ƙofar gandu, Injiniya ba haka yake shan kwana ba, Injiniya ba ya taka birki a rairayi, Injiniya yana sauraron injin kafin ya canja giya. Ni ke tuƙi, kai ake yabo. Madubinka ko a wurin cin abinci bai cire shi ba, wai kar ya yi ƙura, na Injiniya ne.

Kuma lokacin da giwar nan ta sa hanci a hularsa, ya damƙe wuyan hannuna, har yanzu da shatin yatsunsa. Ka san me ya ce? "Kar ka motsa, Injiniya, ina nan." Kar ka, Yaya. Ni ce a kujerar, ni ce nake mutuwa don tsoro, amma kai yake karewa. Ni nake ɗiga masa magani a ido safe da yamma, ni nake yanke masa farce. Rana ɗaya tak na samu da shi, ita ma sai da ka shigo ka zauna a tsakaninmu. In ana maganar kishi, ka bi layi a bayana.

Idon hagun ya rufe. Yanzu haske kawai yake bambancewa da duhu. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin gashin idon giwa. Ya ce yana so a mayar da shi bakin tafkin nan, ko bai gani ba zai ji su suna shan ruwa. Bai ce wa zai tuƙa ba, ni kuma makullin yana jakata, ban san ko in riƙe ko in ajiye maka ba.

Har yanzu ba ka amsa mini tambayata ba.

Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Ban manta ba. So na yi ki gwada ta a gida, ki kasa, ku jira ni. Ban kawo giwa a raina ba. Ki yafe mini, Baba kuwa da bakina zan gaya masa.

Ki taka kuloci har ƙasa, ki sa ta a giya ta biyu tukuna, ki dawo tsakiya, sannan ki danna kan giyar ƙasa da tafin hannu ki ja ta baya. Za ta shiga ba gardama.

Titi ya kai gada, ina tafe ƙarshen wata. Ki riƙe makullin, ke za ki tuƙa. Ki bar mini kujerar baya, ta bayan Baba.

Yayanki