Kun Bar Maigidana a Ɗakin Otal a Fotugal

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin shirya balaguro da ke Hyattsville.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Allah ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Rabi, ma'aikaciyar jinya ce ni a garin Largo, nan jihar Maryland. Na so a ce tsakanina da kai muka yi wannan magana. Na kira ba a ɗauka ba, na zo ofis aka ce ka yi tafiya. Shi ya sa na fito da ita fili, ba don ina sa ran za ta gyara komai ba.

Tun da muka zo ƙasar nan ni da maigidana, Malam, ba mu taɓa fita yawon buɗe ido ba. Duk hutun da muka samu gida muke kai shi, ko biki ko gaisuwar mutuwa. Haka ya yi ta aikinsa na injiniya har shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a kan keken marasa lafiya. Da na ga tallarku a shagon da muke sayen daddawa, ga teku, ga fararen gidaje, an rubuta yawo da sayayya da shaƙatawar yamma a wani gari na bakin ruwa a Fotugal, sai na ɗauki hotonta na kai masa. Rabon da in ga ya yi murmushi irin na ranar har na manta.

Na farko. Da ƙafata na zo ofishinka na gaya maka cewa Malam ba ya iya taka ko matakala ɗaya. Ka dafa ƙirji ka ce in kwantar da hankalina, Malam yayanka ne, ko goyo ne za a goya shi. A kan wannan kalma taka na roƙi abokan aiki suka karɓar mini ranakun aikina.

Na biyu, masauki. Otal ɗin a kan tudu yake, a tsohon gari, lif ɗinsa kuma keken Malam ba ya shiga. Wasu maza biyu cikin abokan tafiya suka ciccibe shi zuwa sama, mutane na kallo, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Tagar ɗakin tana kallon bangon wani gida ne. A ƙasanmu akwai layin mashayu, kiɗa ba ya tsayawa sai gab da asuba. Mutumin da likita ya ce barci magani ne a gare shi, haka ya yi ta kwana ido biyu.

Na uku, yawon da aka yi alkawari. Washegari bas ta zo babu wurin hawa da keke. Jagoran da ka haɗa mu da shi, wani mai suna Nura, ya ce gobe za a kawo wata. Goben ba ta zo ba har muka taso. Aka kai mutane kogunan dutse a cikin kwalekwale, aka kai su wata tsohuwar ganuwa, aka kai su kasuwa. Suna dawowa da farantai masu shuɗin zane da jakunkuna da kifin gwangwani, suna nuna wa juna a bakin otal. Ban ga laifinsu ba, abin da ya kawo su ke nan. Malam ya matsa mini in bi su ko sau ɗaya ne. Na bi su kasuwa, na tsaya gaban wani mai sayar da huluna, sai na tuna babu mai kai shi banɗaki. Ban sayi ko allura ba na juyo.

Rannan da la'asar na ce ko ta halin ƙaƙa sai ya ga ruwan nan. Na samu aka sauko mini da shi, na tura shi da kaina. Titunan garin da ƙananan duwatsu aka shimfiɗa su, ga gangara, ga santsi. Ba mu yi nisa ba ƙafar keken ta maƙale, ya kife da shi. Goshinsa ya fashe. Ni da nake ɗaga marasa lafiya kullum a wurin aiki, na kasa ɗaga mijina, sai da masu wucewa suka taimaka. Muna jin ƙarar igiyar ruwa a bayan gidaje, amma ba mu kai ba.

Na huɗu shi ne ya fi ci mini rai. A daren ƙarshe an shirya cin abinci a wani gida da wata mata ke waƙar garin ana kaɗa mata jita. Malam mai son waƙa ne. Tun da rana ya sa na goge masa farar shaddarsa, ya sa hula a kan bandejin goshinsa, ya zauna yana jira. Nura ya yi rantsuwa cewa an samo mota. Da shiru ya yi yawa na leƙa ƙasa, sai aka ce ai sun daɗe da tafiya, wurin ma a ƙarƙashin ƙasa yake, sai an sauka matakala. Ashe Nura ya sani, ya rasa yadda zai faɗa ne. Na dawo ɗaki. Malam ya cire hular ya ɗora a cinya, ya ce in yafe masa, ya ɓata mini tafiya.

Alhaji, shi ya nemi gafara. Kai har yau ba ka nema ba.

Bayan mun dawo jikin nasa ya ƙara sauka, likitansa kuma ya ce batun hawa jirgi ya ƙare. Ban ce ku kuka jawo ba, ciwo na Allah ne. Amma dama ɗaya ce yake da ita, a hannunku muka sa ta.

Roƙona kaɗan ne. Hoton da kuka ɗauke mu a filin jirgi ranar tashi, Malam a gaba yana ɗaga hannunsa mai lafiya, na gan shi a sabuwar tallarku, an rubuta cewa tafiyarku ta kowa da kowa ce. Don girman Allah a cire shi. Sannan duk wanda ya zo muku da mara lafiya ko tsoho, ku gaya masa gaskiya, ko da za ku rasa cinikin. In kuma kana da hali, ka zo Largo ka gaishe da Malam. Ba zai yi maka faɗa ba, maganar ma yanzu da ƙyar take fita. Na san da wuya ka zo.

Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya bar ka da ƙafafunka har tsufa. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka ci ado ka zauna jiran mutanen da suka riga suka tafi.

Wassalam.

Rabi, matar Malam,
Largo, Maryland.