Ka Ɗauko Ƙaramin, Malam

Da sunan Allah, Mai jin abin da aka faɗa da ƙarfi da wanda aka faɗa a zuci.

Zuwa ga Malam, maigidana kuma abin alfaharina, gawon da ke ba ni inuwa a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe ganye, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, farar audugata da ba ta taɓa faɗuwa a turɓaya ba. Sallama da gaisuwa mai yawa daga Sabuwa. Ɗiyarmu mai jego tana samun ƙarfi, jaririn yana tsotso yana barci, kuma duk wanda ya zo barka sai ya ce goshinka ya ɗauko, har da ɗaure girar nan da kake yi in kana gyara tsirkiyar jita. Ni dai in sun fita sai in ɗauke shi in yi ta kallonka a fuskarsa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannunmu. Shekaranjiya na kira ka na yi ta bayani, kana ta cewa to, to, madalla, har a wurin da na tambaye ka me ka ci da rana. Ban ji haushi ba, Allah ya sani. Ni ba a ba ni murya ba tun ina ƙarama, kai kuma injin niƙa ya ci rabonsa a kunnenka cikin shekarun da ka tsaya a kansa kana ciyar da mu. Wane kunne ne zai sha wannan ruri tun daga hantsi har la'asar ya fito yadda ya shiga? Kowane tuwon da na tuƙa a gidanka akwai ɗan jinka a cikinsa. Shi ya sa na zauna na rubuta, don takarda ba ta buƙatar in ɗaga murya.

Labarin ya riga ni zuwa Sabuwa, ka sani? Matan da suka zo bikin suna daga wajenmu su suka baza shi, cewa ƙungiyar manoma ta Yankara ta gayyaci Malam mai injin niƙa ya yi masu waƙa a taronsu na bayan girbi, a filin makarantar firamare, da rana tsaka, gaban dattawa. Surukar ɗiyarmu ta dube ni ta ce ashe mijin nawa makaɗi ne. Na ce mata a'a, manomi ne mai niƙa, wanda Allah ya ba yatsu. Na faɗa a hankali kamar yadda na saba, amma zuciyata ta cika ƙirjina kamar rafi a watan Agusta. Wai mutumin nan da ya koyi jita a gindin tsamiya wajen abokinsa Ɗanlahadi na Ketare, yana ɓoye ta cikin buhu in zai shigo gari, shi ne yau dattawa ke aiko wa! Mutumin da bai taɓa wasa mai kuɗi don a liƙa mashi ba, bai taɓa sa batsa a waƙa ba, wanda ko yana tsakiyar baiti in ladan ya ɗaga murya sai ya kife tafin hannu a kan tsirkiya. Da ka kauce wa ɗaya daga cikin waɗannan da tuni na gaya maka, ka san halina. Ba ka kauce ba. Wace mace ce a ƙasar Faskari ta fi ni dalilin tafiya da kai a sama?

To saura maganar amfilifaya, akwatin ƙara sauti, wadda ita ce ta hana ni sukuni.

Ka tuna ranar da ka tafi da ni Funtuwa kafin in taho nan, kai da amininka Rabo, muka shiga shagon Abdulgafar mai kayan sauti? Ka ce in zo in zama kunnenka. Ban taɓa samun muƙamin da ya kai wannan ba. Aka jona jitarka da babban akwatin nan baƙi mai tsawon yaro, irin wanda masu kiɗan biki ke ɗorawa a kan baro. Ka taɓa tsirkiya, kwanukan shagon maƙwabci suka amsa, fuskarka ta washe kamar gari bayan hadari. Na gane dalili, hasken idona. Ka daɗe ba ka ji jitarka ta cika maka kunne haka ba. Rabo yana ta buga kafaɗarka yana cewa namiji da babban kaya aka san shi, wai har a Faskari za a jiyo ka. Sai ka matso kusa da akwatin, ya saki wata ƙara mai tsini wadda ta sa wata mata a bakin titi ta toshe kunnen goyonta. Kai ba ka ko ƙifta ba, ka ci gaba da kiɗinka kana murmushi.

Malam, wannan akwatin ba jitarka yake faɗa ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zaunar da ni gaban allo ya koya mini cewa kowane harafi yana da haƙƙinsa, kada a haɗiye shi, kada a ƙara mashi abin da ba nasa ba. Da wannan kunnen na saurara, don ba ni da wani. Babban akwatin ya cinye siraran tsirkiyoyin nan biyu na ƙasa, masu kuka irin na kurciya da sassafe, ya bar kauraran suna gurnani kamar tirela a hawa. Ƙamshin katakon jitar ya tafi, sai amon gwangwani. Abdulgafar da kansa ya ce an yi shi ne don kiɗan rawa, kuma jita mai rami a ciki irin taka in ta yi kusa da shi dole ya yi ta wannan ihun. Ya faɗa, ba ka ji ba. Ni ma na faɗa, ba ka ji ba. A mota kuma ga Rabo, na ji nauyin in tsinka ka a gabansa.

Amma ƙaramin akwatin nan mai ruwan ƙasa, wanda ke kan kanta kamar akwatin lefe na da, mai hannun ɗauka a sama! Da aka jona shi sai na ji ka, kai ɗinka, kamar yadda nake jin ka a tsakar gida bayan la'asar in ka wanke garin niƙa daga gemunka, sai dai an ɗan ɗaga ka sama yadda na bayan fili zai samu. Kowace tsirkiya ta fito da haƙƙinta. Ba ya neman janareta, batir gare shi, solar gidanmu ta ishe shi. Ka san filin makarantar nan ba wuta, in kuwa aka tada janareta a gefenka to injin niƙa ka sake ɗaukowa ya bi ka har wajen waƙa. Ƙaramin zai zauna a bayan mashin ka ɗaure shi da roba, jita a bayanka, ka bi hanyar Yankara da ramukanta ba ka nemi taimakon kowa ba. Taron kuma ba na gwamna ba ne. Manoma ne a kan benci da tabarmi, mutanen da suka zo jin abin da za ka ce game da auduga da taki da haƙurin damina. In kalmarka ba ta fita ba, me suka zo ji?

Ka tuna da gida ma. Ɗakin Dada, mahaifiyarka, bango ɗaya ne tsakaninsa da namu, ga ciwon kanta, ga masallaci a bayan katanga. Ina za ka kunna wancan dodon ka yi gwaji? Ƙaramin yana da wurin jona abin sawa a kunne. Ka murɗa shi yadda zai ishe ka, kada ka wuce, ka yi ta maimaita baitinka har ya nuna, ba wanda ka shiga haƙƙinsa.

Tsorona ɗaya ne, sanyin idona. Kada ka tsaya gaban dattawan Yankara a ranar da ta fi kowace rana, akwati yana ihu, mutane suna toshe kunne suna kallon juna, kai kaɗai ba ka sani ba kana murmushi. Wallahi da in ga haka gara a ce ban je ba. Na san ka. Ba za ka yi faɗa ba, ba za ka ce komai ba, jitar za ka mayar cikin buhu ka rataye, kuma ba za ta sake saukowa ba. Ni kuwa ina zan sa kaina a gidan da la'asar ke wucewa shiru?

In ka ce ƙaramin ba ya isa kunnenka a fili, akwai dabara, na tambaya. A ɗora shi a kan kujera ta wajen hagunka, kunnen da ya fi, a ɗan gaba da kai, kada bakinsa ya kalli ramin jitar. Ni kuma zan roƙi surukan ɗiyarmu su sallame ni kafin ranar. Zan zauna cikin mata a layin baya da shuɗin mayafin da ka sayo mini. In sauti bai iso ba zan ɗaga carbina sama kaɗan, in ya yi yawa in sauke shi kan cinya. Ba wanda zai gane sai kai. Za su ce Malam ya san kayansa, kuma gaskiya suka faɗa, tunda kunnen nawa ma naka ne.

Saura abu ɗaya, wanda na ajiye ƙarshe don ban san yadda zan fara shi ba. Ƙaramin akwatin yana da wurin jonawa biyu, ɗaya na jita, ɗaya na makirufo. A shagon, kafin a jona jitar, Abdulgafar ya sa maka abin kunnen don ka gwada, ya jona makirufon a ƙaramin ya ajiye shi a kan kanta kusa da inda nake tsaye, ya juya neman waya. Ka ba ni baya. Na duba rana na ce, da muryata ta kullum, ba don ka ji ba, don dai na saba faɗa: “Malam, azahar ta yi.”

Ka juyo.

Ban taɓa kafaɗarka ba, ban zagayo gabanka ba, ban maimaita ba. Ka juyo ka ce to, mu je, kamar yadda kake juyowa a farkon aurenmu in na yi gyaran murya daga bakin murhu kana can zaure. Rabo ya ja hannunka zuwa wajen babban akwatin, ka cire abin kunnen ka ajiye, ba ka lura da abin da ya faru ba. Ni na lura. Na juya ina kallon wayoyin da ke rataye a bango har idona ya bushe. Rabona da ka ji ni daga baya, ban san iyakarsa ba. Akwai maganganu da yawa da na tara, masoyina, irin waɗanda ba a faɗarsu da ƙarfi, waɗanda in an ɗaga murya sai su lalace kamar nono a rana. Ban iya ihu ba, kuma ba zan koya da furfura ba.

Don haka in ka koma Funtuwa, ka gaida Rabo, ka gode mashi, ka bar mashi babban ya yi ta sha'awa. Ka ɗauko ƙaramin, da makirufonsa, da abin kunnensa. Ranar taro wuri na biyun, na makirufo, naka ne, ka rera wa Yankara abin da Allah ya ba ka, in zauna a baya ina jin mata suna tambayar mijin wace ne wannan. In mun dawo gida mun rufe ƙofa, wurin nawa ne. Kuma don Allah ka riƙa tura 'yar auduga a kunne kafin ka tada inji, ga ta nan cike da rumbu, abin da ya saura na jin nan ina da buƙatarsa.

Ni ce taka tun ranar da aka shafa fatiha, taka a damina da rani, ko ka ji ni ko ba ka ji ba, har ranar da za a kira ɗayanmu da kiran da ba ya buƙatar kunne. Allah ya haɗa mu a can ma.

Matarka,
Hajaratu