Ki Karɓi Gurbin, Bashin Namu Ne

Zuwa ga sanyin idona, raɓar asubata, inuwar da nake gudowa gare ta idan rana ta take,

Ina gaishe ki irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa take yi wa hadarin farko. Daga shago nake rubuto miki, a kan bencin aiki, garin katako ya cika min gashi da aljihu. Tun safe in ɗauki zarto in ajiye, in ɗauki guduma in ajiye, domin maganarki ta jiya ta hana ni sukuni. Kin ce kin haƙura da gurbin da kwalejin koyon zane ta ba ki. Kin ce gara ki karɓi aikin zaman kanti da ki shigo gidana da bashin karatu a ka. Haba, abar ƙaunata! Yaushe na zama mutumin da za a sare reshe mai fure don kada ya taɓa masa rufin ɗaki?

Kin tuna ranar da ruwan sama ya koro ki shagon nan? Kika tsaya a bakin ƙofa, gyalenki ya jiƙe sharkaf, kina hararar kujerar da nake haɗawa kamar ta yi miki laifi. Kika ce duk wanda ya zauna a kanta sai ya nemi mai tausa. Na miƙa miki fensirin da ke bayan kunnena don in ƙure ki, sai kika zana wata a jikin guntun falanki, bayanta a lanƙwashe kamar wuyan balbela. Ruwa ya ɗauke kika tafi, ni kuwa a zuciyata bai ɗauke ba har yau. Wannan hannun ne za ki kai kanti ya ƙare a miƙa canji? Wa ya taɓa ɗaure tsuntsuwa don tsoron tsadar sararin sama?

Yayanki da ya yi miki lissafin bashin nan ba maƙiyinki ba ne, gaskiya ya faɗa miki. Albashin farko na mai zane, in an cire kuɗin mota, aka cire abin da za a riƙa yanka na bashi duk wata, ragowar ba ta cika tafin hannu. Ban tsaya a kan jita-jita ba. Na je kamfanin kayan ɗaki da nake kai wa aiki, na sami wata baiwar Allah da ta yi wannan karatun da bashi. Ba ta shafa min mai a baki ba. Ta ce a shekarunta na farko takalmi ɗaya ta yi ta kai wa mai gyara, har ya fara tambayarta lafiyar mutanen gida. Ta ce akwai abokan karatunta da suka bar sana'ar suna biya har yanzu. Amma ita ta sauke nata, kuma yau sai an bi layi kafin a ga zanenta. Shawara ɗaya ta ba ni in kawo miki: ki ci iya kuɗin makaranta, kada ki haɗa da na masauki da na abinci.

To ga alkawarina, hasken raina. Masauki da abinci a wuyana suke, dama can haƙƙina ne. Mu yi bikinmu daidai ƙarfinmu. Ɗakin da ke bayan shago na riga na fara yi masa silin, kuma taga babba zan fasa ta gabas, saboda mai zane da haske take aiki. Idan an yi hutu, ke ki zana, ni in haɗa, mu sayar, mu riƙa rage bashin tun yana jariri bai yi haƙora ba. Albashinki na farko kuwa ya tafi inda aka ranto, ba zan tambayi ko sisi ba. Da na gaya wa Inna, dariya ta yi ta ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ita ma har gobe mai gawayi yana bin ta, kuma bai hana ta barci ba.

Ba na ce babu wuya ba. Za a yi watannin da aljihu zai bushe kamar rafi da rani, za ki dawo a gajiye. Amma wayyo, wace wuya ce ta kai in riƙa kallonki shekara da shekaru kina wucewa ta gaban kwalejin nan kina kawar da kai? Wannan ne bashin da ba zan iya biya ba.

Ranar Alhamis ake rufe rajista. Na nemi izini wajen Babanki, ya ce in ke kin yarda shi ma ya yarda. Ranar da hantsi za ki same ni a ƙofar gidanku, na karkaɗe kaina tas, na sa rigata ta fita kunya. Ki fito da takardunki, don Allah ki fito.

Naki ne ni a watan samu da watan rashi, har ranar da numfashi zai ƙare,

Kafintanki