Lasifikar da Aka Ce In Binne

Daren Laraba, Talata Mafara

Yau an kawo sabbin rediyon oba-oba ofis, Manaja ya ce in binne tsofaffin. Na ciro lasifika ɗaya na ɗaure a kekena. Ya tare ni bakin ƙofa: "Malam Sani, wagga sata ce. Mayar, ko ka bar aiki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rami na sata wa?"

Ruwan dam ya ci gonarmu a Maradun, ya ci masallacinmu. Inda aka mai da mu, muryar tsohon ladan ba ta wuce bakin rumfar da muke salla. Na taho da lasifikar gida, na haɗa ta da batirin mota, ta yi magana. Manaja ya kore ni in ya so. Jibi kowa zai ji kiran salla.