Layi na Ashirin da Uku

Litinin, 12 ga Satumba 2022

Mun iso filin bayan Tasawa. Jar ƙasa ce, da rumfar kwano ɗaya, da gangunan esansi, wato man jirgi, da na maganin fara. Jirgin feshi ya riga mu zuwa, kwanansa huɗu a tsaye saboda ruwa. Shef Na Allah, wanda ya koya mini aikin nan, yana kwance a Maradi da ciwon ƙafa, don haka karon farko ke nan da zan sa hannu a karne, littafin gyaran jirgi, ni kaɗai. Da na je sallama ya miƙo mini littafin da hannu biyu, ya sake karanto mini dokokinsa: da bik ake rubutu, ba a gogewa, ba a yage shafi, kuma abin da hannunka bai taɓa ba kada ka rubuta ka taɓa. Na ce na sani. Ya ce ya san na sani.

Matuƙinmu Komanda Salifu ne, mai furfura a gemu da 'ya'ya mata uku. "Likita" yake kirana. Wai shekara ashirin yana tashi bai taɓa karanta abin da makaniki ya rubuta ba, sa hannun kawai yake dubawa ya hau. Ya faɗa yana dariya.

Jirgi ya cika awa hamsin. Gobe babban dubawa, layi talatin da ɗaya a takarda.

Talata, 13 ga Satumba

Na gama, na sa hannu. Mai, filtir, buji, taya, duk lafiya.

Ina tsakiyar aiki Baba ya iso daga Kona, ƙauyenmu, da dattawa biyar. Ba ni suka zo gani ba, jirgi suka zo gani, amma ai ba ka jin sallamar ubanka ka ci gaba da juya masa baya. Na ajiye takarda a kan taya, na goge hannu, na durƙusa. Gaisuwar mutum shida, kowa da gidansa da ruwansa da gajiyarsa. Baba ya zaro zangarniyar gero daga aljihu, fara ta cinye ta saura tsinke. Ya ce in an ƙara kwana uku, bana sai dai mu ci kara. Suka baza tabarma a inuwar fiffike suna kallona, yana ce musu ɗansa ne ke ba jirgin izinin tashi. Na ji daɗi, ba zan yi wa littafina ƙarya ba.

Laraba, 14 ga Satumba

Komanda ya tashi da hantsi. Yau da gobe da jibi yana Gidan Amumune, can farar ta fi yawa, sannan Kona. Ni an bar ni nan ina jiran sabon famfon feshi.

Alhamis, 15 ga Satumba

Inna lillahi.

Zan yi alwalar azahar, butata tana mota, na ɗauki tsohuwar da ke rataye a rumfa. Na cika ta, na karkata, ko ɗigo. Na leƙa bakin, ashe zanzaro ya toshe shi da laka. Har na yi dariya. Dariyar ba ta ƙare ba na tuna da jirgi.

A ƙarƙashin fiffiken hagu akwai ɗan bututu, kaurinsa bai fi na bik ba. Ta nan iska ke shiga tanki yayin da esansi ke raguwa. In ya toshe, mai ya daina sauka, inji ya yi shiru a sama. Layi na ashirin da uku ke nan: a zura waya, a hura, a ji iska ta wuce. Jirgin nan kwana huɗu ya yi a tsaye, cikin damina, kusa da wannan rumfa.

Na ɗauko takardar. Akwai alamata a ashirin da uku, kamar sauran. Amma na tuna ashirin da biyu, har ƙusar da ta yi mini gardama. Na tuna ashirin da huɗu. Tsakaninsu ba abin da nake gani sai zangarniyar Baba. Wayar hurawar ma tana cikin ledarta a naɗe yadda na zo da ita daga Maradi.

Na yi sallar, ban san raka'a nawa na yi ba.

Alhamis dai, bayan la'asar

Na samu rezon waya a kan tudu na kira Komanda. Yana cikin raha, wai fara na zuba kamar ƙanƙara. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji kaina ina tambayar lafiyar iyali. Kai, Abdussalamu, tir da kai.

Kafin mu yi sallama ya ce, "Af, Likita, majinyacinka ya ɗan yi tari yau, sau guda, bayan awa ɗaya da tashi. Ina jin ruwa na cikin esansin ga." Na ce to. To kawai na ce.

Na san abin da ya hana injin mutuwa: murfin tankin dama yana da 'yar huda, ita ke shaƙo masa iska. Ƙura kaɗan ta isa ta rufe ta. Kuma feshi ba can sama ake yinsa ba, kan bishiyoyi ne, in inji ya ɗauke babu lokacin ko salati.

In na faɗa, sai na rubuta. In na rubuta, shafin zai je Yamai gaban masu bincike, su ga mutumin da ya sa hannu a kan abin da bai yi ba. Shekara bakwai na yi kafin su ba ni takardar izinin nan.

Jumma'a, 16 ga Satumba

Matata Furera ta kira da asuba, ta ce muryata kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na ce mura ce. Na yi ta kiran Komanda, ba ya shiga.

Na ɗauki kabu-kabu zuwa Gidan Amumune. Hanyar ta ci ruwa, sau biyu muna sauka muna turawa, takalmina ɗaya ya tafi a laka. Duk hanya kunnena na sama. Duk inda na hango hayaƙi sai in ce shi ke nan, ashe mata ne ke girki. Na riƙa shirya abin da zan ce wa 'ya'yansa uku, har na tsani kaina don na ga ina gyara maganar yadda ba za ta fito da ni ba.

Mun isa yana sama. Na tsaya a bakin filin da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ina jin ƙararsa daga gabas, tana zuwa tana tafiya. Sai ta yanke. Wallahi ta yanke. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ta dawo da kakari. Mai kabu-kabu ya ce na zauna a ƙasa, ni ban san na zauna ba.

Ya sauka lafiya, fuska ba dariya. Ya ce ba zai sake zuba esansin gangunan nan ba, ya wuce masallacin Jumma'a da mutane. Na ce ina tafe. Da filin ya zama ba kowa na hau ganga, na zura waya a bututun. Ta shiga tsawon ɗan yatsa ta tsaya. Na murza, laka ta zubo mini a tafin hannu, busasshiya, da tsutsotsi koraye biyu da zanzaro ya ajiye wa 'ya'yansa. Daga waje ba mai ganinta. Na hura, iska ta wuce.

Ba wanda ya gan ni. Na zuba lakar a kwalin ashana, ban san dalili ba.

Asabar, 17 ga Satumba

Jirgi lafiya lau yanzu. In na yi shiru, laifi na ganguna ne har abada. Abin da na yi ta gaya wa kaina ke nan tun asuba.

Sai na gan shi ya buɗe karne, bai dubi rubutu ba, ya dubi sa hannuna na ranar Talata, ya rufe, ya nufi jirgi. Haka zai yi gobe, haka zai yi baɗi. Na ce, "Komanda, dakata."

Na karɓi karnen, na ja layi ɗaya siriri a kan abin da na rubuta, yadda za a iya karanta na ƙasa. Na rubuta kwanan wata, da cewa ba a yi layi na ashirin da uku ranar Talata ba, an samu bututun a toshe ranar Jumma'a, an buɗe. Na sa hannu, na rubuta lambar izinina. Na miƙa masa da kwalin ashanar.

Ya karanta. Ya sake karantawa, da yatsa. Ya daɗe yana kallon tsutsotsin.

"Jiya kan kurmin ga na kira sunan ɗiyata ƙarama," in ji shi. Da ma zagina ya yi.

Ya sa hannu a ƙarƙashin nawa, ya ce a wurin Na Allah ya ga wata al'ada: wanda ya gyara kuskurensa, shi ke zama kujerar dama a tashin gwaji. Na ce ban taɓa hawa ƙaramin jirgi ba. Ya ce ya sani.

Lahadi, 18 ga Satumba

Minti ashirin. Idona a rufe, kunnena a kan inji. Na yi amai a hulata.

Bai kira ni Likita ba tun jiya.

Laraba, 21 ga Satumba

An fesa Kona. Rabin gonar Baba ya tsira. Na aika wa Shef Na Allah hoton shafin, ya gani, bai amsa ba. Yamai ma shiru, kuma shirun ya fi ba ni tsoro.

Da safe ina duba jirgi kafin tashi, Baba ya zo godiya da dattawan nan. Ya yi sallama. Na amsa, yatsana a kan takarda, ban juyo ba. Na ji wani a cikin dattawan ya yi gyaran murya. Bayana kamar ana zuba masa garwashi. Saura layi tara, na yi su duka, na zura waya, na hura, sannan na goge hannu na je na durƙusa. Baba ya dube ni ya ce, "Ka ƙare?" Na ce na ƙare. Ya ce to, ina kwana.

Ban san me ya ji a ransa ba, ban tambaya ba. Komanda ya karɓi karne ya tsaya a rana yana karantawa, layi-layi, kafin ya hau.