Mma Ta Shiga Jar Motar Baba

Maamobi, Accra.

Zuwa ga Yaya Muftahu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa sanyin Italiya bai taɓa ka ba. Mu nan kowa kalau, sai dai idon Baba da ke ƙara rauni. Da bakinsa ya ce bayan Babbar Sallah zai ajiye tuƙi.

Wannan ne ya sa ya tayar da maganar jar motar nan tasa, ta tsere, mai kujera biyu, wadda kaji suka mayar gidansu a bayan shagonmu. Ka san tarihinta. Ranar da ya ɗauki Mma zuwa wani biki a Adabraka aka tsuge da ruwa, ruwan ya bi ta ƙofa ya jiƙa mata sabuwar atamfa, ta rantse ita da motar har abada. To, Baba ya ce burinsa ɗaya kafin ya miƙa makulli, ya tuƙa matarsa zuwa bakin teku. Mma ta ce ta ji, amma in ɗigo ɗaya ya taɓa ta, ya nemi wata.

Maigidana Imoro ya karɓi aikin gyaran motar. Inji da fenti ba su ba shi wuya ba, robar bakin ƙofa ce ta kusa sa shi furfura. Sabuwar da ya sayo ta zo a naɗe, ta yi tauri, sai ya shanya ta bisa kwanon ɗaki kusa da barkonon Mma don rana ta tausasa ta. Ta kuwa yi laushi har ta wuce misali. Ya bi bakin ƙofa yana ja yana turawa, ya yanke daidai wa daida, yana ta yabon kansa. Da gari ya waye da sanyin damina, roba ta koma gidan jiya, ta bar kafa a kusurwa wadda yatsana ke shiga. Mma ta zo ta leƙa, ta yi gaba tana murmushi. Baba kuwa ranar ko tuwo bai ci ba, wallahi ya ba ni tausayi.

Imoro ya sayo wata robar. Wannan karon a inuwa ya yi aikin, ya shafa ruwan sabulu, ya riƙa danna ta a hankali ba ja, ya bar ɗan rara a ƙarshe. Ni kuma aka ba ni siraran ƙarafan ado na gefen ƙofa, na dirje su da toka da lemun tsami kamar tukunyar biki, har ina ganin haƙorana a ciki. Baba na zaune a kan benci yana gargaɗin kada wanda ya buga masa ƙofa.

Ranar gwaji Imoro ya ce shi zai zauna a ciki mu kwara ruwa. Sai ga Mma ta fito cikin farin leshinta na Sallah, ta ce ba ta yarda da shaidar suruki ba, ita za ta shiga. Matan gida muka jeru da bokitai, muka yi ta sheƙa wa motar ruwa ta kowane gefe, Baba ya kawar da kai ya kasa kallo. Da muka gaji na buɗe ƙofa na shafa leshin, a bushe ƙayau. Na miƙa mata hannu don ta fito, sai ta ture shi. Ta ce a gaya wa tsohon nan ya daina tsayuwa kamar baƙo, rana na yi, kuma ita ba ta iya tuƙi ba. Ranar sai da suka kai bakin teku. Yaya, na yi dariya har da hawaye, rabon da in yi farin ciki irin wannan na manta.

Ka gaishe da Anti Sadia da su Basit. Imoro na gaisuwa. Mma ma ta ce a gaishe ka, ta tagar mota ta faɗa, don sun sake fita.

Ƙanwarka,
Sherifa