Layar Makka da Ke Wuyan 'Yata

Assalamu alaikum malamai da duk wanda ke zaune a zauren da za a karanta takardar nan. Ban sa suna ba. Na san alhazan bakin kogin Haɗeja ba su da yawa, mai son tono zai iya gano ni, to don Allah ya bari. Ku ji ni tukuna kafin ku tsine mini. Karatuna izu goma ne, rubutuna ma kun ga yadda yake.

Na tafi Makka a ƙasa, shekara bakwai na yi. A komowa ciwo ya kayar da ni a Sawakin, bakin teku, 'yan ayarinmu, Musulmi 'yan'uwana, suka tsallake ni suka wuce. Wanda ya ɗauke ni wani ɗan kasuwa ne daga ƙasar Hindu, Baniyan ake ce musu. Wata uku yana ba ni kunu da hannunsa. A wuyansa akwai wani ɗan abu na azurfa, jikin mutum kan giwa, abin bautarsu. Na taɓa tambayarsa, "Kai, ubangijinka kake ratayawa kamar dutsen wuyan mata?" Ya yi dariya, ya ce ko a cikinsu ana gardama a kai, wasu malamansu sun hana don mutum na shiga wurin ƙazanta da shi, wasu sun ce ai tunawa ce. Ran da zan tafi ya cire ya danƙa mini, ya ce abin ya tsare ni a hanya. Abu biyu ya roƙa: kada ya shiga makewayi, kada fatar saniya ta taɓa shi. Ta yaya zan mayar wa mutumin da ya wanke mini kashi kyautarsa? Na karɓa, na ce zan jefar a gaba. Ban jefar ba.

Na iso gida hannu rabbana, ko dabino babu. Na tarar da 'yata, bari in ce mata Yagana, wadda na bari a goye, tana kwance zazzaɓin damina ya kusa gama ta. Uwarta ta dube ni ta ce, "Malam, shekara bakwai, ko abin da za a rataya wa yarinya ba ka zo da shi ba?" Kunya ta kashe ni. Na shiga ɗaki na yanki fatar ɗan maraƙi, ita na samu, na ɗinke abin nan da kaina, na fito na ce laya ce daga Harami. Kwana uku yarinya ta tashi. Allah ne ya tashe ta, na sani, amma wa zai ji?

Yau shekara ashirin ke nan. Da shi take salla, da shi take azumi, da shi take shiga makewayi. Mace na naƙuda a unguwar masunta sai a aiko aron layar Alhaji, a sa a ruwa a ba ta ta sha, a mayar wa Yagana nan take. Ina zaune ana sa mini albarka! Na cuci 'yata, na cuci mata, na kuma ci amanar wanda ya raya ni, duka roƙonsa biyu na taka.

Bana da kogi ya cika ya shigo gari, Yagana ta yi kwanaki cikin ruwa tana kwashe kaya, fatar ta ruɓe, ɗinkin ya fara buɗewa. Shekaranjiya ta ce, "Baba, ran kasuwa zan kai wa baduku ya sake mata riga." Na ce ba a buɗe layar Makka. Ta ce ai sai ya rufe ido, tana dariya. Na ce ta ba ni in gyara, ta ce, "Da waɗannan hannuwan masu rawa? Tun ran da ka rataya mini ba ta kwana a wani wuri ba, Baba, ba kuma za ta fara ba." Badukun nan ƙanin liman ne.

In na faɗa mata, sallarta ta shekara ashirin fa? Laifin wa? In na ƙwace na jefa a kogi, ta kwanta ciwo, ta ce ni na kashe ta fa? In na yi shiru, baduku zai ga kan giwa da idonsa.

Kasuwa jibi ce. Me zan yi?